Ellie Greenwich: waƙoƙinta sun yi kasuwa a bakin kowa, ban da nata bakin

 Yau za mu ƙetare teku zuwa Amurka, mu ɗauko labarin wata mata da ta rasu tun shekara ta 2009, ana ce da ita Ellie Greenwich. Na san da yawanku ba ku taɓa jin sunan ba. To amma duk wanda ya saurari kaset ɗin Céline Dion na 1996, ko ya san Tina Turner, ko yana tune da tsofaffin waƙoƙin Johnny Hallyday da Sheila, da wuya a ce bai taɓa jin aikin hannunta ba. Sana'arta ita ce tsara waƙa, wasu su rera, sunansu ya fita. Ta yi haka har waƙoƙinta suka zagaye duniya. A 1973 ta ɗauki waɗannan waƙoƙi ta rera su da bakinta, a kan kiɗa mai sanyi, cikin wani babban faifai da ta sa wa suna Let It Be Written, Let It Be Sung, wato a rubuta, a rera. Faifan nan bai sayu ba. Uwayenmu mata na kasuwa sun san irin wannan zance sarai: mace ta yi shekaru tana soya ƙuli-ƙuli a cikin gida, ƴan talla suna fita da shi ana wawaso, ranar da ta kafa nata teburi a bakin hanya sai masu saye su wuce ba su waiwayo ba.

Asalinta da ƙuruciyarta

An haifi Eleanor Louise Greenwich ranar 23 ga watan Oktoba 1940 a Burukilin, wata babbar unguwa ta birnin Niyu Yok. Kakanninta na wajen uwa da na wajen uba duk daga Rasha asalinsu yake. Ubanta ɗan Katolika ne, ya fara da sana'ar zane, daga baya ya koma injiniyan lantarki. Uwarta Bayahudiya ce, ta yi aikin kula da wani babban kanti. Sunan Eleanor Roosevelt, matar shugaban ƙasar Amurka na lokacin, aka sa mata, amma gida da waje Ellie ake kiranta.

Tana da shekara goma da ɗan ɗoriya suka tashi suka koma Levittown, wani sabon gari da aka gina bayan yaƙin duniya na biyu domin sojojin da suka dawo gida da iyalansu, gidajen duk iri ɗaya kamar an buga su da hatimi. A can ta koyi akordiyo, abin kiɗan nan da ake ratayawa a ƙirji ana ja ana matsawa, sannan ta koya wa kanta fiyano. Tun tana lakwal ta fara tsara waƙa, ta haɗa ƙungiya da ƙawayenta biyu suna rerawa a asibitoci da wuraren taro. Uwarta ta kai ta wajen wani mai kamfanin faifai, Archie Bleyer. Ya saurare ta, ya yaba, amma ya ba ta shawara ta gama karatu tukuna kafin ta shiga wannan sana'a.

A 1958 kamfanin RCA ya fito mata da ƙaramin faifai na farko da sunan aro, Ellie Gaye. Bai je ko'ina ba. Ta ci gaba da karatu a jami'ar Queens, daga baya ta koma ta Hofstra, ta fito a 1962 da digiri na harshen Ingilishi. Aka ɗauke ta malamar lakwal, amma ko wata ɗaya ba ta cika ba ta ajiye alli. Hankalinta yana wani wuri.

Kasuwar waƙa a gida ɗaya

A kan titin Broadway na Niyu Yok, lamba 1619, akwai wani bene mai hawa 11 da ake kira Brill. A 1962 kamfanonin kiɗa 165 ne ke da biro a cikinsa. Ku ɗauke shi kamar babbar kasuwa da aka tara a gida guda. A wannan hawa ana tsara waƙa cikin ƙananan ɗakuna, kowane da fiyano da kujera. A wancan hawa ana ɗaukar samfur, wato a rera waƙar sau ɗaya a faifai domin a nuna wa mai saye. A gaba akwai dillalai masu kai ta wajen mawaƙa, da masu bin gidajen rediyo su roƙi a sa ta. Waƙa kan shiga da safe a takarda, kafin mako ya zagayo ta zama haja.

A nan ne Ellie ta je neman shiga. Ana ba da labari cewa wata rana tana zaune tana jiran wanda ta zo gani, sai ta kama kaɗa fiyanon da ke ɗakin. Jerry Leiber, ɗaya daga cikin mutum biyu da suka tsara wa Elvis Presley manyan waƙoƙinsa, ya ji kiɗan ya leƙo, yana tsammanin Carole King ce, wata yarinya da ta riga ta yi suna a wannan sana'a. Da ya ga baƙuwar fuska, ya saurari waƙoƙinta. Shi da abokin aikinsa Mike Stoller suka ba ta izinin amfani da ɗakunansu, bisa sharaɗin duk abin da ta tsara su za ta fara nuna wa. Daga baya suka ɗauke ta aiki a kamfaninsu mai suna Trio. Ku riƙe sunan Carole King ɗin nan, zai dawo cikin labarin.

Tun 1959 ta haɗu da wani matashi mai tsara waƙa, Jeff Barry, a wajen cin abincin biki a gidan kawunta. Suka yi aure ranar 28 ga Oktoba 1962, suka kuma yanke shawarar haɗa sana'arsu wuri ɗaya. Na uku a cikin tafiyar shi ne Phil Spector, mai kamfanin faifai na Philles, wanda ya shahara da tara makaɗa da yawa a ɗaki ɗaya har sautin ya cika kunne.

Shekarun da komi ya sayu

A Amurka mujallar Billboard kan fitar da jerin waƙoƙi ɗari da suka fi kasuwa kowane mako, da shi ake auna nasara. A 1963 waƙar Da Doo Ron Ron da ƴan matan Crystals suka rera ta kai ta 3 a jerin, Then He Kissed Me ta kai ta 6, sannan Be My Baby ta ƴan matan Ronettes ta kai ta 2. Dukansu Ellie da mijinta da Spector suka tsara. Brian Wilson na ƙungiyar Beach Boys, wanda ya rasu a 2025, ya shafe rayuwarsa yana ɗaukar Be My Baby a matsayin faifan da ya fi kowane.

Shekara ta 1964 ta fi wadda ta gabace ta. A watan Fabrairu ƴan Beatles suka sauka Amurka daga Ingila, suka kwashe kasuwa kusan duka. Duk da haka a watan Yuni, Chapel of Love, da wasu ƴan mata uku na birnin New Orleans da ake kira Dixie Cups suka rera, ta sauke Beatles daga kan jerin, ta zauna a ta 1 har mako uku. A watan Oktoba Do Wah Diddy Diddy ta hau ta 1 a bakin ƙungiyar Manfred Mann. A watan Nuwamba Leader of the Pack ta ƴan matan Shangri-Las ta yi haka. A wannan shekara kaɗai waƙoƙi 17 na Ellie da mijinta suka shiga jerin ɗarin. Lokacin shekarunta 24 da haihuwa.

Hajar ta ƙetare har ƙasashe masu magana da Faransanci. Johnny Hallyday ya rera Da Doo Ron Ron da Faransanci a 1963. Les Surfs, ƴan uwa shida uwa ɗaya uba ɗaya daga tsibirin Madagaska, suka juya Be My Baby suka yi suna da ita a Paris cikin wannan shekara. Waƙar nan ta Sheila ta 1964 da aka sani da Vous les copains, karinta na Do Wah Diddy Diddy ne aka sa wa kalmomin Faransanci.

Aikin Ellie bai tsaya ga tsarawa ba. Muryarta ce ke kan samfurin waƙoƙi masu ɗimbin yawa, nata da na wasu, har ƴan sana'ar suka yi mata laƙabi da sarauniyar samfur ta Niyu Yok. Ita ke koya wa ƴan matan yadda za su shiga da yadda za su amsa. A sabon kamfanin Red Bird da aka buɗe a 1964, tana cikin masu zama a ɗakin ɗaukar murya suna yanke yadda faifai zai fito, aikin da mata ƙalilan ne ke yinsa a wancan zamani. Har wani abin mamaki ya faru a 1963: wani samfur da ta rera da mijinta ya yi daɗi, aka sayar da shi yadda yake da sunan ƙungiyar Raindrops. Alhali babu wata ƙungiya. Ita ce ke ba da waƙa, ita ce ke amshi, ana ɗora muryarta bisa muryarta. Da za a ɗauki hoton bangon faifai, sai aka kira ƙanwarta ta tsaya tare da su domin a ga mutum uku.

Yadda ake raba kuɗin

Ƴan kasuwa za su so su ji lissafi. A Amurka tun 1909 har ƙarshen 1977, doka ta yanke santi 2 a kan kowace waƙa ga kowane faifai da aka sayar, shi ne haƙƙin masu waƙar. Santi ɗari ke yin dala ɗaya, dalar Amurka nake nufi, ba dala tamu ta kasuwa ba. A bisa al'ada kamfanin da ya yi rajistar waƙar ya ɗauki rabi, matsara su raba rabi. Idan faifai miliyan ɗaya ya sayu, an tara dala 20,000 ke nan. Kamfani ya ɗebe 10,000, saura 10,000. In sunaye uku ne a kan waƙar, kamar yadda yake ga Be My Baby, kowa ya tashi da dala 3,300 da ƴan kai. Bayan wannan akwai wani kaso dabam da gidajen rediyo da telbijin ke biya duk lokacin da suka sa waƙar.

A ido kuɗin ba su da yawa in aka dubi miliyan. Amma amfaninsu shi ne ba su yankewa. Mawaƙiya kan ci nata rabo a faifan da ta rera kaɗai, ita kuwa wadda ta tsara, duk wanda ya sake rera waƙar ko bayan shekara talatin, sai an aiko mata da nata. Kamar mai rumfa ce da ta ba da haya: ko ba ta zo kasuwa ba, ƙarshen wata akwai abin karɓa. Wannan ya riƙe Ellie bayan da zamaninta ya juya.

Aure ya mutu, zamani ya juya

A ƙarshen 1965 aurenta da Jeff Barry ya mutu, shekara uku bayan ɗaura shi. Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi, mijin shi ne abokin cinikin. Dole ta ci gaba da zuwa biro ɗaya da shi, su zauna gaban fiyano ɗaya suna tsara waƙoƙin soyayya. A cikin wannan hali ne, farkon 1966, su biyu da Spector suka tsara River Deep, Mountain High domin Tina Turner. An kashe kimanin dala 22,000 wajen ɗaukarta, kuɗi masu yawa a lokacin. A Ingila ta kai ta 3, amma a Amurka ta tsaya a ta 88. Ita ce waƙar da Céline Dion ta sake rerawa shekara talatin bayan haka.

A wannan tsakani ne kuma Ellie ta je yin amshi a kan samfurin wani saurayi da ba a san shi ba, Neil Diamond. Ta ji muryarsa da irin waƙoƙinsa, ta kai shi wajen Jeff Barry. Su uku suka kafa kamfani, suka nema masa shiga a kamfanin faifai na Bang, ita da Jeff suka haɗa masa faya-fayansa na farko a 1966 da 1967. Neil Diamond ya zama ɗaya daga cikin mawaƙan da suka fi sayar da faifai a duniya, kuma wanda ya kasa kunne ga waɗannan waƙoƙi nasa na farko zai ji muryar Ellie a cikin amshi.

Sai dai kasuwar kanta ta canza. Beatles da Bob Dylan sun nuna wa matasa cewa mawaƙi na iya tsara waƙarsa da kansa, kuma jama'a suka fara ɗaukar wanda ake rubuta wa waƙa kamar bai cika mawaƙi ba. Buƙatar masu zama a ɗaki suna ɗinka wa wasu waƙa ta ragu. Kamfanin Red Bird ya rufe a 1966. Jeff Barry ya ci gaba da samun nasara da wasu abokan aiki, daga baya ya koma Kalifoniya. Ellie ta zauna a Niyu Yok. A 1967 ta kafa kamfani da wani mai suna Mike Rashkow, a 1968 kuma ta fito da babban faifanta na farko a kamfanin United Artists, wanda sunansa ke sanar da cewa ita ta tsara, ita ta haɗa, ita ta rera. Shi ma bai yi wani tasiri ba. Daga nan mafi yawan abincinta ya koma waƙoƙin talla na rediyo da telbijin, da yi wa wasu amshi.

Faifan 1973

A watan Fabrairu 1971 Carole King, wadda aka taɓa ɗaukar Ellie a matsayinta, ta fito da babban faifai mai suna Tapestry. Ita ma tsohuwar mai tsara wa wasu waƙa ce, ita ma da mijinta take aiki, ita ma auren ya mutu. Ta zauna gaban fiyano ta rera waƙoƙinta cikin natsuwa, ba hayaniya, irin kiɗan da ake kira rok mai taushi. Faifan ya yi mako 15 a kan jerin manyan faya-fayai, ya ci kyaututtukan Grammy huɗu a 1972, ya sayu miliyoyi. Kamfanoni suka shiga neman wata irinta, kuma ba wadda ta fi kusa da wannan kwatance kamar Ellie.

Haka aka yi Let It Be Written, Let It Be Sung ya fito a 1973 a kamfanin Verve. Mafi yawan abin da ke ciki tsofaffin waƙoƙinta ne: Be My Baby, Chapel of Love, Then He Kissed Me, River Deep, Mountain High, da Maybe I Know wadda Lesley Gore ta rera a 1964, sai ƴan sababbi kaɗan. Ta sauke musu nauyin ganguna da cunkoson makaɗa na Spector, ta rage wa wasu sauri, ta bar murya a gaba, amshi a baya. Yawancin waƙoƙin nan ta tsara su tana sabuwar amarya, domin ƴan mata masu shekara goma sha su rera wa tsararsu zancen saurayi da ranar aure. Yanzu ga ta da shekara 32, bazawara, tana rera kalmomin nan ɗaya. Wanda ya san labarinta, in ya ji ta tana rera waƙar zuwa wajen ɗaurin aure, zai ji wani abu da ba ya cikin ta ƴan matan New Orleans. A ganina a nan daɗin faifan yake. Na dare ne, lokacin da aka rufe rumfa aka gama ƙirgen ciniki.

Amma kasuwa ba ta karɓa ba. Faifan bai shiga jerin manyan faya-fayai ba, kuma Maybe I Know da aka ciro aka kai gidajen rediyo ba ta shiga cikin ɗarin farko ba.

Me ya hana shi sayuwa? Wasu za su ce tsohon kaya ne, kuma akwai ƙamshin gaskiya a nan. A faifan Carole King waƙoƙi 12 ne, biyu kaɗai ne tsofaffi, sauran sababbi ne masu zancen rayuwar babbar mace. Na Ellie ya juya wannan lissafi. To amma tsufan kaya kaɗai bai isa hujja ba, domin a daidai wannan lokaci wasu suna cin kasuwa da tsofaffin waƙoƙin nata. Bette Midler ta sa Chapel of Love da Leader of the Pack a faifanta na farko a ƙarshen 1972, ya sayu sosai. A 1973 ɗin nan, fim ɗin Mean Streets na Martin Scorsese da Be My Baby ta Ronettes ya buɗe. A 1977 wani matashi, Shaun Cassidy, ya sake rera Da Doo Ron Ron ya kai ta har ta 1. Ke nan kayan ba su lalace ba.

Bambancin, a nawa nazari, yana wajen wurin zama da fuska. Carole King ta bar Niyu Yok tun 1968 ta koma Los Angeles, inda sabuwar kasuwar ta tashi. Ta yi yawon wasa tare da James Taylor tana kaɗa masa fiyano, jama'a suka gan ta ido da ido kafin faifanta ya fito, shi kuma ya ɗauki ɗaya daga cikin waƙoƙin faifan ya kai ta ta 1 a 1971. Bette Midler ƴar dandali ce, a gaban jama'a ta yi suna. Ellie kuwa mutum ce ta ɗakin aiki. Ƴan sana'a duk sun san ta, mai saye bai san fuskarta ba, kuma a kunnensa waɗannan waƙoƙi na Ronettes ne da Crystals. Da ya ji su a bakinta sai ya ɗauka wata ce ke kwaikwayo, alhali mai kayan ce da kanta. Ga shi kuma kamfanin Verve da kiɗan jaz aka san shi, kuma a 1972 uwar kamfanin, MGM, ta canza hannu zuwa PolyGram. Haja mai kyau a rumfar da ake cikin sauya mai ita, da wuya ta samu mai tsaya mata.

Bayan faɗuwar faifan

Ellie ba ta sake fito da wani babban faifai na sababbin waƙoƙi da sunanta ba. Ta koma inda ta fi ƙarfi. Muryarta na cikin amshin faya-fayan Jim Croce na farkon shekarun 1970, da na ƙungiyar Blondie na 1979, da na farko na Cyndi Lauper a 1983. Wani abin da zai ba ku mamaki, ko faifanta na 1968 da aka yi watsi da shi akwai riba a ɓoye a cikinsa. Wata waƙa daga ciki, Sunshine After the Rain, Elkie Brooks ta rera ta a 1977 ta kai ta 10 a Ingila, a 1995 kuma wata mai suna Berri ta mayar da ita ta rawa ta kai ta 4. Hausawa na cewa wani ya yi rawa ya samu kuɗi, wani ya yi ya sha duka. Sai dai a nan wadda ta sha dukan ita ke karɓar haƙƙin waƙar.

A 1984 aka shirya wasan kwaikwayo mai waƙe-waƙe a kan rayuwarta, mai suna Leader of the Pack, a wani ƙaramin gidan wasa na Niyu Yok da ake kira Bottom Line. Ya samu karɓuwa, aka kai shi babban dandali na Broadway a watan Afrilu 1985. A kashi na ƙarshe na wasan ita da kanta ke fitowa ta rera. An yi shi sau 120, an sa shi cikin takarar kyautar Tony, bai ci ba. Duk da haka a nan ne jama'a da yawa suka fara haɗa fuskarta da waƙoƙin da suka tashi da su, tana da shekara 44.

A 1991 aka shigar da ita da Jeff Barry cikin zauren girmama matsara waƙa na Amurka. A ƙarshen shekarun 1990 aka sake fito da waƙoƙin da ta rera da bakinta a faifan CD, masu neman tsofaffin kaya suka fara gano su. A 2004 mujallar Rolling Stone ta jera waƙoƙi 500 da take ganin sun fi kowaɗanne, shida daga ciki na Ellie da Jeff ne.

A watan Agusta 2009 aka kwantar da ita a wani asibiti na Niyu Yok saboda ciwon huhu. Ranar 26 ga watan zuciyarta ta tsaya, tana da shekara 68. Ba ta bar ɗiya ba, ƙanwarta da iyalinta ne suka gaje ta. A wannan shekara ne aka yanke wa Phil Spector hukuncin ɗauri bisa laifin kisan kai, ya mutu yana tsare a 2021. A watan Maris 2010, wata bakwai bayan rasuwarta, aka shigar da sunan Ellie cikin zauren girmama ƴan kiɗan rok, kuma wadda ta tsaya a gaban taro ta gabatar da ita, Carole King ce.

Abin da ya rage

Ƴan uwa, mu da muke aiki a gidan rediyo, in muka sa waƙa sunan mai rerawa muke faɗa, ba kasafai muke duba ƙananan haruffan da ke ƙarƙashi ba. Haka mai sayen zane ke yaba dillaliyar da ta kawo mata, ba ta tambayar wanda ya saƙa ko wanda ya rina. Labarin Ellie ya nuna abu biyu da kowane ɗan kasuwa ya sani. Na ɗaya, iya yin kaya dabam, iya sayar da shi dabam, kuma wanda ya daɗe a bayan gida yana aiki, ranar da zai fito gaba sai ya fara neman abokan ciniki daga tushe. Na biyu, ta tsaya an rubuta sunanta a kan abin da ta yi tun ranar farko, shi ya sa faɗuwar faifai biyu ba ta jefa ta cikin talauci ba, kuma har ta rasu waƙoƙin da ta tsara tana da shekara 23 suna kawo mata abin sawa a baki. Ke mai haɗa turare, ke mai yajin da ake zubawa a leda ana kai wa wasu garuruwa, ki duba ko akwai sunanki a jikin kayan.

Wanda ke da intanet a salularsa, ya nemi Be My Baby ta Ronettes ya saurara, sannan ya nemi wadda Ellie Greenwich ta rera a 1973, ya gwada su da kunnensa.